Ranar da Famfon Gajere Ya Tsiro

A Tsamiyar Kabo, ɗan ƙauyenmu da ke bayan Kusada, abu biyu damina take kawo mana, hatsi da kurkunu. Tafki ɗaya gare mu, mu sha, shanu su sha, jakai su shiga su yi abin da suka ga dama. Da an fara noman fari sai ka ga ƙato ya zauna gindin bishiya ya miƙe ƙafa, yana naɗe farar tsutsar nan a jikin tsinke, kullum ɗan kaɗan, don in ta katse a ciki ƙafar sai ta koma kamar turmi. A daminar 1983, shekarar zaɓe, mu goma sha bakwai kurkunu ya kayar, har da ni Ummaru da nake ba ku labarin. Ina zaune ina kallo ciyawa ta shanye mini gero. Ba mu da wani buri da ya wuce rijiyar burtsatse mai famfon tuƙa-tuƙa, irin wadda muke jin ana haƙa wa garuruwa masu gata.

Mu kuwa gatanmu Gajere ne. Sunan nan nasa shi kaɗai ne gaskiya a jikinsa. Ya taɓa bin wata babbar mota zuwa Ikko sau ɗaya, ya dawo yana ba da labarin yadda ya nuna wa Turawa hanya a bakin teku. Shi ne wakilin Sanata Bubayero a ƙauyenmu. In ka ji shi yana magana sai ka rantse kwano ɗaya suke cin tuwo da Sanatan, alhali mutumin ko sunansa bai sani ba.

Ran nan aka tara wakilai a ofishin kamfe na Kankia, aka ce kowa ya faɗi aikin da Sanata ya yi wa garinsu, za a buga a takarda. Wani ya ce an cike musu rami a hanya. Wani ya ce an ba su tabarmin masallaci guda huɗu. Gajere ya ga in ya yi shiru an raina shi ke nan, sai ya miƙe ya gyara hula.

"Mu kam mun wuce nan. Tuƙa-tuƙa gare mu. Ruwa kamar madara."

Akawun ofishin bai ko ɗago kai ba, ya rubuta.

Bayan mako biyu sai ga hotunan kamfe an manna ko'ina, tun daga tashar Kankia har jikin tsamiyar ƙauyenmu. Ga Sanata cikin farar riga irin ta likitoci, abin awon ƙirji rataye a wuya, yana murmushi har kunne. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: UBAN LAFIYA, WANDA YA SHAYAR DA TSAMIYAR KABO. Yawancinmu ba mu iya boko ba, Malam Ashafa na makarantar Islamiyya ne ya karanta mana. Malam dattijo ne mai sanyin magana, amma rediyonsa ba ya rabuwa da kunnensa, kuma ba ya mantuwa.

"Gajere," in ji Malam, "wanga abu da ke wuyan ubangidanka, yaushe ya zama likita?"

"Ado ne, Malam. Haka manya ke yi."

"To ka ji adon. Sau uku ana kawo maganar gina ɗakunan shan magani da rijiyoyi a ƙauyuka gaban Majalisar Dattawa. Na farko ya ɗaga hannu ya ce bai yarda ba. Na biyu shina Ingila ana duba mashi haƙori."

"Na uku ai ya je! Ni na sani!"

"Ya je. Ko da aka tashe shi an gama ƙirga hannuwa."

Mutane suka kwashe da dariya. Gajere ko a jikinsa.

"Malam, wanda ya hau jirgi har Ingila don haƙori guda, ai shi ya san darajar lahiya. Ku da ba ku taɓa wuce Kankia ba, mi kuka sani?"

Da abin ya tsaya a takarda, da mun yi dariyarmu mun manta. Sai ga saƙo daga ofishin kamfe, wai Sanata da kansa zai zo ranar Asabar ta sama ya buɗe famfon, da 'yan jarida da mai hoto.

Da wani ne, da ya gudu ya bar gari. Gajere sai ya tara mu ƙofar gidan Mai-unguwa Kabo, ya hau kan turmi don a gan shi.

"Jama'a, arziki ya zo har gida! Ku saurara. Za mu gina rami, mu binne duro, mu cika shi da ruwa, mu ɗora kan famfo bisa, mu shafe da siminti. Sanata shi zo shi tuƙa, ruwa shi zubo, a ɗauki hoto. In ya ji daɗi, bayan zaɓe ni da kaina zan shiga har ɗakinshi in ce, ranka shi daɗe, a maida na wasa na gaske. Bai taɓa musa mani ba."

"Ya taɓa yi maka magana?" in ji Malam Ashafa.

"Da ido muke magana, Malam."

Malam ya kaɗa rigarsa ya ce ba da shi ba. Mu kuwa muka yarda. Har yau in na tuna kunya nake ji, amma wanda ya yi wata biyu yana jan gindi zuwa bayan gida, ko mahaukaci ne ya ce masa ga ruwa mai kyau sai ya saurara.

Aiki ya kankama. Gajere ya samo wani tsohon kan famfo da aka yar a Kankia, mai gyaran keke ya yanka masa roba ya toshe inda yake yoyo. Aka ɗora wa jaki, jakin ya kayar da shi sau biyu a hanya, na biyun a kan babban yatsan Gajere. Duron da ya samo kuwa na kananzir ne. Matarsa Lami ta wanke shi da toka har sau uku, duk da haka da aka gwada, ruwan da ya fito ƙamshin fitila yake yi.

"Malam," in ji Lami, don haka take kiran mijinta, "in ba a sha ba ai a kunna."

"Ke ba ki san ruwan ƙarƙashin ƙasa ba. A Ikko duk haka yake."

Shi ya zaɓi wurin ramin da kansa, a kwarin da ke gaban tsamiya, wai hoton zai fi kyau. Lami ta ce nan laka ce, in an yi ruwa kwana uku yake kwance. Ya ce mata aikin injiniya ba na mata ba ne. Aka binne duro, aka mayar da yashi sako-sako, aka shafa siminti ɗan siriri kamar fatar waina, don rabin buhu ne gare mu. Mata suka yi ta jido daga tafki. Ruwan ja wur, sai da aka zuba masa alif ya kwanta.

Daga nan sai ya waiwayo kanmu, mu guragun gari.

"Ranar Asabar ban son ganin sanda ko guda. Garin da ke da tuƙa-tuƙa ba shi da kurkunu. Kowa shi saka babbar riga har ƙasa, shi rufe ƙafa."

"To da mi za mu tsaya?" na tambaye shi.

"Da juna! Kafaɗa da kafaɗa, haɗin kan jam'iyya ke nan."

Ya jera mu sahu guda, mu goma sha bakwai. Na farko ya jingina da tsamiya, na biyu ya jingina da shi, haka har ƙarshe, inda ya kafa Labaran mahauci, ƙato mai lafiya, ya zama tokara. Aka gwada, abin ya yi. In dai ba wanda ya yi atishawa, sai ka ce sojoji.

Shi kuwa Gajere, tun kwana goma kafin nan ya shiga yawo da wani takalmin roba mai dogon wuya har gwiwa, irin na masu feshin gona. Rana ta take, gumi na zuba, ba ya cirewa sai in zai shiga masallaci, nan ma sai kowa ya ba da baya. Ya ce takalmin injiniyoyi ne. Ɗingishin da yake yi kuma ya ɗora wa jaki.

Da ya tsaya nan, wataƙila da an rabu lafiya. Amma bakin Gajere ba ya iya riƙe abin alfahari. Ranar kasuwar Kusada ya ari lasifikar kamfe, ya hau bayan akori-kura, ya zagaya kasuwa sau uku yana shela.

"Ina masu ƙishi! Uban Lahiya ya fasa ƙasa a Tsamiyar Kabo! Ruwa ba iyaka, ba dare ba rana! Kowa shi zo shi gani da idonshi!"

Ranar Asabar da hantsi aka tsuge da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, bai ɗauke ba sai kusan azahar. Kwarin tsamiya ya sha ya ƙoshi. Ruwan na ɗaukewa muka hango ayari ta gabas, muka ce ko Sanata ne. Ashe matan Bauranya da na Kaikai ne, kowacce da tulu a ka, wasu har da na goyo a hannu. Na ƙirga sittin na gaji. Duronmu kuwa tulu goma yake ci.

A gabansu akwai Mairama ta Bauranya, mace mai ƙirar maza, wadda aka ce ita kaɗai take ɗora wa jaki buhun dawa. Ta dire tulunta a bakin famfo.

"Kai ne mai shela?"

"Ni ne babban wakili."

"To matsa in ɗiba, na bar tuwo bisa wuta."

"Haba baiwar Allah! Ba a buɗe ba. Sai Sanata ya sa albarka."

"Ruwan ne ba ya fita sai ya ga Sanata?"

"Doka ce ta gwamnati. Wanda ya taɓa kafin a yanke ƙyalle, ɗaurin wata shida."

Suka zauna kan tulunansu suna harararsa. Mu kuma aka karɓe sandunanmu aka kai zauren Mai-unguwa, aka jera mu. Muka tsaya tun azahar. La'asar ta yi, muka yi salla a zaune, aka sake jera mu. Ƙafata tana zugi kamar an sa garwashi, ga na kusa da ni ya saki nauyinsa duka a kaina yana gyangyaɗi.

Sai can la'asar sakaliya motoci suka iso, baƙar Marsandi a tsakiya. Sanata Bubayero ya fito, mutum mai cika ido da cika kujera, wani na riƙe masa lema ko da yake ba rana ba ruwa. Maroƙa suka ɓarke. Gajere ya ruga ya zube har takalminsa na ƙugi.

"Ranka shi daɗe, ga aikinka ya yi kyau!"

Sanata ya dube shi sama da ƙasa, ya juya ga na kusa da shi. "Wane ne wannan?"

"Wakilinmu na nan ne, ranka ya daɗe."

"Madalla, madalla."

Gajere ya waiwayo ya ƙifta mana ido, wai mu ga irin sabon da ke tsakaninsu.

Aka ba Sanata lasifika. Ya ce tun da ya shiga majalisa bai taɓa runtsawa ba saboda tunanin lafiyar talaka. Malam Ashafa, da ke tsaye can gefe da carbinsa, ya yi wani tari mai tsawo. Sanata ya nuna sahunmu ya ce a dubi waɗannan samari garau, su ne shaidar ruwa mai tsabta. Ya yanke ƙyalle, ya kama hannun famfo ya danna sau uku. Famfon ya yi kaki, ya yi gyatsa, sai ga ruwa fari tas. Mai hoto ya haska. Aka yi guɗa. Wallahi ni kaina sai da na ji ƙwalla, don na ɗan manta ƙarya ce.

Mai-unguwa ya tara sabuwar ƙwarya ya miƙa wa babban baƙo. Sanata ya kai hanci, ya ɗan yamutsa fuska.

"Alhamdu lillahi, na sha a mota. A ba wakilinmu."

Duk wanda ke wurin ɗan garinmu ya san daga ina ruwan nan ya fito. Gajere ya dubi ƙwarya, ya dubi Sanata, ya rufe ido ya kafa kai har sai da ya ga gindinta.

"Zuma!" ya ce, idanunsa na hawaye.

"Allah shi kai mu baɗi war haka," in ji Malam Ashafa.

Sanata ya ji daɗin guɗar nan, sai ya ɗaga hannu sama. "Iyayena mata, ruwa naku ne! Kowa ta ɗiba!"

Gajere ya yi tsalle. "Ranka shi daɗe, sabon famfo ne, ana barin shi shi huta!"

Ina! Mairama ta riga ta ture shi. Ta kama ƙarfen nan ta shiga tuƙi kamar tana daka. Tulu ɗaya, biyu, uku. Gajere na ƙirgawa da leɓe. A na biyar ruwan ya fara ja. A na bakwai muka ji wani ƙas, siminti ya tsage.

Abin da injiniyanmu bai sani ba shi ne, ruwan saman nan ya cika ramin ta gefe, duron yana zaune ne cikin kududdufi. Nauyin ruwan cikinsa ne ya danne shi. Da mata suka kwashe, sai ya fara neman sama. Muna kallo famfo ya ɗaga da kansa, taƙi ɗaya, taƙi biyu, yana ɗan rangaji.

Mairama ta saki ƙarfe ta ja da baya. "La'ilaha illallahu! Tsirowa yake!"

"Ƙarfin ruwa ne!" Gajere ya daka tsawa. "Daga ƙarƙashin ƙasa yake turowa! Alamar babbar rijiya ke nan!"

Sanata ya karɓe zancen a lasifika. "Kun gani, jama'a? Ruwan ma ɗokin fitowa yake yi!"

Aka ɗan tafa, amma ba da ƙarfi ba, don a lokacin kafaɗar duro ta riga ta leƙo, ja, da hoton fitila a jikinta. Gajere ya daka tsalle ya haye kai yana tattakawa. Nauyinsa bai kai ba. Duron ya ci gaba da tasowa da shi a bisa, har ya zama karo na farko a rayuwarsa ya fi kowa tsawo a taro.

"Labaran! Labaran, zo ka danne!"

Labaran mahauci mutum ne mai jin magana. Ya saki sahu ya ruga.

Ni ne na uku daga ƙarshe. Na ji kafaɗar da nake dogara da ita ta tafi, na bi ta, na bayana ya biyo ni. Haka muka zube ɗaya bayan ɗaya har gindin tsamiya, mu goma sha bakwai, cikin taɓo, muna salati. Manyan riguna suka yaye. Ga ƙafafu a sama, kumburarru, ɗaure da tsumma, kowacce da tsinkenta da farar tsutsa a naɗe. Ba wanda ya iya tashi, sai kiran sanda muke yi.

Sanata ya toshe hanci da hankici. "Subhanallahi! Wannan wace irin cuta ce?"

"Kurkunu sunanta, ranka shi daɗe," in ji Malam Ashafa a hankali. "Tana cikin takardar da aka karanta ranar da kake barci."

"Ana ɗauka?"

"A ruwan da ka buɗe yanzu."

Sanata ya dubi hannunsa da ya jiƙe, ya yi wata ƙara da ban zaci za ta fito daga mutum mai wannan girma ba. Ya tattare riga ya nufi mota, mai lema na binsa a guje, direba na tuttula masa ruwan kwalba a hannu.

Labaran kuwa ya iso da gudunsa ya faɗa wa duro ta gefe guda. Duron ya juya. Famfo ya yi gabas, Gajere ya yi yamma, ya nutse cikin ramin har wuya. Mairama ce ta kamo shi ta wuyan riga ta tsamo shi, ta dire a gaban jama'a. Takalmin injiniya ɗaya ya zauna a laka. A idon sawunsa ga tsumma, ga tsinke, ga tsutsa ta fi ta kowa tsawo.

"Jakin ne ya haifa maka wagga?" in ji Lami daga cikin mata.

Gajere ya tofar da laka, ya dubi ƙurar motoci, ya ce, "Ku kwantar da hankalinku. Na ga idonshi da zai tahi. Ya gane saƙon."

Matan Bauranya ba su kwantar ba. Sai da Mai-unguwa ya rufe Gajere a rumbu kafin suka watse.

Aka yi zaɓe, Sanata ya koma kujerarsa, ba da ƙuri'armu ba. Muka ce shi ke nan, mun sha kunya, ta wuce.

Bayan an gama girbi, wata safiya muka ji ruri daga hanyar Kusada. Motar haƙar rijiya ce, ta gaske, doguwa, da bututu jibge a bayanta. Gari ya fashe. Tsofaffi na kuka, mata na guɗa, Gajere na gaba yana bugun ƙirji yana cewa, "Ban gaya maku ba? Ban gaya maku ba?"

Motar ta tsaya gindin tsamiya. Heluman ma'aikatan, wato shugabansu, ya leƙo ta taga ya tambayi hanyar Rimaye.

"Ai kun iso," in ji Mai-unguwa. "Nan ne Tsamiyar Kabo."

Heluma ya buɗe wata takarda ya bi ta da yatsa. "Tsamiyar Kabo. Da kuna cikin jerin bana, ku ne ma na biyu. An soke ku."

"Don mi?"

"Kuna da shi."

Ya zaro wani yankin jarida da aka maƙala a jikin takardar ya nuna mana. Ga Sanata riƙe da famfo, ga ruwa yana zuba fari tas. Ga mu nan a baya, sahu guda, tsaye ƙyam cikin manyan riguna. Har murmushi nake yi.

Gajere ya kama ƙofar motar da hannu biyu.

"Ranka shi daɗe, wallahi ƙarya ce! Duron kananzir ne! Ni na binne shi da hannuna! Ga ramin can, je ka gani!"

"Ni takarda aka ba ni, ba rami ba."

"Tambayi kowa nan! Ni maƙaryaci ne! Jama'a, ku gaya mashi!"

Muka gaya masa. Ban taɓa ganin garinmu ya haɗa baki a kan magana ɗaya kamar ranar ba. Maza da mata muka yi ta rantsuwa cewa tun da aka haifi Gajere bai taɓa faɗin gaskiya ba. Malam Ashafa da kansa ya matso ya ce in shaida ake so a rubuce, zai rubuta da ajami da boko.

Heluma ya saurare mu har muka gama. Ya dubi Gajere, ya ninke takardarsa.

"To mutumin da gari guda ya shaida maƙaryaci ne, ni yaya zan yi in yarda da shi? Ku kai kuka ofis. Direba, mu je."

Motar ta ja. Gajere ya bi ta da ɗingishi yana dukan bututun baya, yana ihu, "Na rantse ƙarya na yi! Ku tsaya ku ji! Ƙarya ce!" har muryarsa ta dushe a kan hanyar Kusada.

Ba wanda ya yi dariya. Muka tsaya gindin tsamiya muna jin rurin injin yana nisa har ya ɓace. Shekara tara muka ƙara muna shan tafki.